Ranar da Alhaji Mudi Ya Buɗe Tasha a Largo

Ba zan tsaya ba da labarin yadda na baro Malumfashi ba. Abin da ya kamata a sani kawai shi ne mahaifina, Malam Lawal mai gyaran keke, bai so tafiyar ba. Ni kaɗai ne ɗansa namiji, mahaifiyarmu kuma ba ta cika shekara da rasuwa ba. Da na durƙusa yi masa sallama bai ɗago kai daga tayar da yake faci ba. Cewa ya yi, "Ai ka riga ka yanke, Habibu. Allah ya kiyaye hanya." Daga ranar bai ƙara yi mini magana ba. In na kira ƙanwata Asiya na ce ta miƙa masa waya, sai ta ce, "Yaya, ya fita," alhali ina jiyo tarinsa a kusa da ita.

Wanda ya yi mini hanyar zuwa Amurka wani ne mai suna Alhaji Sabo. Ya ce tunda na yi shekara goma sha ɗaya ina aikin jinya a asibitin gwamnati, aiki na jirana, ɗaki ma na jirana. Na sauka filin jirgi da hantsi, na kira lambarsa na ji ta a kashe. Na zauna a kan akwatina har la'asar ina kallon ƙofa. Can na nuna wa wani direban tasi adireshin da aka ba ni, ya duba a wayarsa ya ce ai wurin wankin mota ne. Ban san lokacin da salati ya kuɓuce mini da ƙarfi ba.

Direban ya leƙo ta taga ya ce, "Bahaushe ne?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa."

"Bon, ɗauko kayanka. Wanda kake jira ba ya zuwa. Kai ne na ukku da na kwasa saboda mutumin nan."

Sunansa Issufu, mutumin Maraɗi. Shi ya kai ni wata unguwa mai suna Landover, wani gida mai ɗaki biyu inda su biyar suke zaune, duk direbobi da 'yan tireda daga Nijar. Suka matsa mini katifa a bayan kujera. Ba wanda ya tambaye ni yaushe zan tashi. Da sanyi ya shigo Issufu ya cire rigarsa mai kauri ya jefa mini, ya ce shi ai a mota yake wuni. Daga baya na gane ita kaɗai gare shi.

Zango na biyu Annandale ne. Na samu aiki a wani shagon sayar da kafet da kujeru, ina ɗauka ina saukewa. Mai shagon ya ce in ba shi hotunana da takarduna zai nema mini izinin zama ta hannun lauyansa. Duk wata in na tuna masa sai ya dafa kafaɗata ya ce abin na tafiya. Shekara ɗaya da wata bakwai muna haka. Wata rana ya aike ni ɗauko makulli a durowarsa, na tarar da ambulan ɗina yadda na ba shi, ko buɗewa ba a yi ba. A lokacin bizata ta daɗe da ƙarewa. Ma'anar haka, in na taka jirgi na je ganin Malam, ƙofar dawowa ta rufe, in kuma na zauna, sai yadda hali ya yi.

Na fito bayan shagon na zauna a kan dakali. Akwai wata tsohuwa 'yar Koriya mai gidan burodi a maƙwabtanmu. Ba na jin yarenta, Turancinta kuma bai fi kalma goma ba. Ta fito zubar da shara ta gan ni, ta koma ciki, ta dawo da shayi da burodi mai zafi mai wake a ciki. Ta zauna gefena har na cinye, ta karɓi kofinta ta tafi. Har na bar unguwar ban san sunanta ba.

Mutane kan ɗauka abinci ne ya fi damun baƙo. Ni shiru ne ya dame ni. A gida tun asuba ƙara ce: ladan uku a tare, mai ƙosai tana faɗa da yara, Malam na buga ƙarfe a rumfa, maƙwabta na tambayar ya aka ji da sauro. A nan kuwa sai ka wuni a unguwa ba ka ji muryar mutum ba, sai ƙarar injin ɗumama ɗaki.

Zango na uku shi ne Largo, inda layin jirgin ƙasa na cikin gari, wato Metro, ke ƙarewa. Bayan sallar Juma'a aka yi sanarwa cewa wata likita na neman mai jin Hausa da zai kula da mahaifinta. Issufu ya tura ni gaba ya ce, "Ga aikinka nan ya zo." Dakta Bilkisu sunanta. A nan ta yi karatu, a nan ta yi aure. Ta gaishe ni da Hausa tsaf, har da tambayar mutanen gida, daga nan sai ta juya Turanci. Tana jin Hausa, amma mayarwa ke yi mata nauyi.

Mahaifinta, Alhaji Mudi, ya haura tamanin da biyar. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ta ɗauko shi daga Kaduna bayan rasuwar mahaifiyarta. Wata bakwai kafin zuwana ya samu shanyewar ɓarin jiki, Turancinsa ya tafi gaba ɗaya kamar bai taɓa shiga aji ba. Hausar ma ba ya yi. Masu jinya biyu sun gudu saboda ba ya karɓar abinci a hannunsu. Dakta ta gaya mini gaskiya tun farko: in wata guda ya cika ba canji, za ta kai shi gidan kula da tsofaffi, don ita ba za ta iya barin asibiti ba. Na san in an kai shi can, cikin waɗanda ba mai jin ko sannu, ba zai daɗe ba. Na kuma san ni ma na koma bayan kujera a Landover.

Sati uku ina yi masa wanka, ina shafa masa mai, ina ba shi labarin Malumfashi. Ba ya tankawa. Abu ɗaya yake yi, ya dubi agogon bango ya ce a hankali, "Saura minti biyu." Dakta ta ce ruɗewar ƙwaƙwalwa ce.

Ranar da nake son ba da labari wata Laraba ce a watan Fabrairu. Dusar ƙanƙara ta zuba, na shigo da jirgin farko ina zamewa a hanya. Dakta tana asibiti, ta kira ta ce ba za ta samu dawowa ba sai yamma. Ta bar mini wata sabuwar na'ura da ake maƙalawa a yatsa don auna numfashi. Na zaunar da shi a kujerarsa, na maƙala masa, wata 'yar jar fitila ta kama a kan yatsan.

Alhaji ya zuba wa fitilar ido. Sai na ga ya gyara zama, ya miƙe wuya, ya yi gyaran murya. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya dafe kunne. Muryar da ta fito ban san yana da ita ba, cikakkiya, mai sanyi, kowace kalma a wurinta.

"Assalamu alaikum jama'a masu sauraro. Daga Kaduna muke yi muku barka da asuba. Ƙarfe shida daidai. Da fatan kowa ya tashi lafiya, da na birni da na ƙauye, da wanda ke kan hanya. Za mu buɗe da karatun Alƙur'ani mai girma."

Ya nuna ni da yatsa. Na tsaya baki buɗe. Ya sake nunawa, ransa a ɓace. Sai na tuna Dakta ta taɓa ambata cewa yana saurayi, kafin a ba mu mulkin kai da bayansa kaɗan, ya yi aiki a gidan rediyo. Jar fitila a wurinsu na nufin an buɗe makirfo, duniya na saurare. Na durƙusa na karanta Fatiha da wata gajeriyar sura. Yana juya yatsa a iska alamar in tattara.

Da na gama ya sunkuyo ya raɗa mini, "Sule, faifai."

Na fahimci Sule shi ne mai kula da inji a zamaninsu, yau kuma ni ne Sule. Na lalubo wayata na nemo wani tsohon kiɗan goge na kunna. Ya saurara, ya yamutsa fuska. "Wa ya wanke faifan nan? Ko ƙarar allura babu." Amma ya bar shi ya ci gaba, yana kaɗa kai.

Labaru suka biyo baya. Ya ɗauki takardar maganinsa a juye ya riƙe, ya shiga karantawa daga ka. An fara sayen gyaɗa, a kula da masu awo. Masu lamba za su zagaya ƙauyuka, iyaye su fito da yara. Ruwa ya cinye wata gada, motocin Gusau su bi ta wata hanya. Jirgin alhazai ya sauka lafiya. Ina tsaye da cokali a hannu, ƙanƙara na sauka a bayan taga, ni kuwa ina jin ƙamshin rumfar mai shayi.

Wajen ƙarfe tara ya ce tasha za ta huta sai sha biyu. Na cire na'urar. Ya sauke numfashi ya ce, "Sule, yunwa nake ji. Ba koko ne?" Ya shanye kofi biyu. Da hannuna na ba shi.

A hutun nan ya yi ta hira da Sule. Ya tuna masa yadda labaru ke zuwa da Turanci saura minti goma, su fassara a tsaye, ya shiga ɗakin watsawa da gudu tawada ba ta bushe ba. Ya tuna ranar da Turawa suka harba wani abu sama, su huɗu suka yi ta gardamar sunan da za a kira shi da Hausa har lokaci ya kusa ƙwacewa. Ya yi dariya har da tari da ya tuno wani mai kukuma da aka kawo daga ƙauye, aka ce minti biyar gare shi, mutumin ya rufe ido ya yi ta yi, an kashe makirfo an shiga wani shiri bai sani ba, sai da aka ɗauke shi cak da tabarmarsa.

Ina amsa masa da "Ƙwarai, ranka ya daɗe," da "An yi haka."

Sha biyu na yi ya dubi agogo ya miƙo yatsa da kansa. Shirin mata ne, ya ba da haƙuri cewa mai gabatarwa ɗanta ba lafiya, shi zai karanta. Ya yi bayanin tafasa ruwan sha da rufe abinci saboda ƙuda. Bayan azahar aka shiga shirin manoma, inda malamin gona ke gardama da wani tsoho mai taurin kai a kan takin zamani. Shi kaɗai ya yi muryoyin biyu, tsohon ma ya fi malamin gona baki. Daga nan makaɗa suka iso. Ya dubi wajen labule ya ce, "Ku cire takalma. Mai kalangu, ja da baya kaɗan, za ka fasa mana makirfo." Na kife kwanon roba ina bugawa da yatsu. Ban iya kiɗa ba, amma bai kore ni ba.

Da muka idar da la'asar gajiya ta bayyana a fuskarsa. Na ce, "Baba, ko a huta haka?" Ya harare ni. "Yau Laraba. Mutane sun sayi kan sarki sun rubuto, ka ce a huta?"

Shirin gaishe-gaishe ke nan. Bai riƙe komai ba wannan karon, sunaye kawai ke zubowa. Wani mai sayar da goro a Kumasi yana gaida mahaifiyarsa a Bici, ya ce yana nan tafe bayan sallah. Leburori uku a ramin kuza na Jos suna gaida matansu a Azare. Wani soja a Kwango yana tambaya ko matarsa ta sauka, in namiji ne a sa sunan babansa. Wata mata a Fatlami ta ƙasar maƙwabta tana neman labarin yayanta da ya tafi Makka a ƙasa shekara tara. Ban san ko ainihin wasiƙun ne suka zauna masa a kai shekara sittin ba, ko ƙirƙira yake yi. Abin da na sani, duk mutanen nan irina ne. Sun bar gida, ba su san ranar komawa ba.

Ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba. "Sule, akwai saura?"

Na yage bayan wata ambulan na rubuta layi uku da manyan baƙaƙe. Na danna wayata ta fara ɗauka, na ajiye a hannun kujera. Ya kai takardar kusa da ido, ya daɗe yana dubawa.

"Amurka? Ashe har can ake jin mu?" Ya gyara murya. "To jama'a, ga wata daga nesa ƙwarai. Habibu Lawal ne daga ƙasar Amurka. Yana gaida mahaifinsa, Malam Lawal mai gyaran keke a bakin kasuwar Malumfashi. Ya ce yana nan lafiya. Ya ce kullum yana tunaninsa. Ya ce don Allah a yafe masa." Ya ajiye takardar. Abin da ya biyo baya ban rubuta ba. "Malam Lawal, in kana kusa da akwatin rediyo, da kai nake. Na daɗe ina karanta wasiƙu, na san ta wanda ke kuka yana rubutawa. Yaron nan bai manta da kai ba. Ka amsa masa. Sule, sa musu wani abu mai sanyi."

Ban iya sa komai ba. Ina share fuska sai na ga Dakta Bilkisu tsaye a ƙofa, jakarta a hannu, ƙanƙara na narkewa a takalminta. Ban san tun yaushe take nan ba. Fiye da wata bakwai, in ban da zancen saura minti biyu, ba ta ji jimla guda daga bakinsa ba. Ta ce, "Baba?" Ya ɗaga yatsa ya ɗora a leɓe, ya nuna mata jar fitila. Ta toshe baki, dariya da kuka suka haɗe mata, ta zame ta zauna a ƙasa.

Ana kiran magariba a wayata ya rufe tasha. Ya gode wa masu sauraro, ya ce a kashe wuta kafin a kwanta, a duba dabbobi, Allah ya kai mu gobe. Dakta ta raka ni ƙofa, ta yi ta neman kalmomi, can ta ce da Hausa, "Ba za a kai shi ko'ina ba. Ka zo gobe."

Bai sake yin wuni guda cur ba. Wata rana ya yi minti goma, wata rana ya dubi fitilar kamar bai san ta ba. Amma ya ci gaba da cin abinci.

Na tura wa Asiya abin da na ɗauka. Kwana biyu na tambaye ta, ta ce, "Ya ji sau huɗu, Yaya. Bai ce komai ba." A kwana na tara saƙon murya ya shigo. Muryar Malam ce, ta tsufa fiye da yadda na bar ta. Ba da ni yake magana ba.

"Salamu alaikum, mai gabatarwa. Lawal ne mai keke. Na gane muryarka tun daga sallama. Muna samari a rumfar mai shayi muke jin ka. Sau uku na rubuto maka ina gaida yarinyar da na aura daga baya, ko sau ɗaya ba ka karanta ba. To ba komai. Saƙo ya iso. A gaya wa yaron nan na ji. A ce masa ya riƙa sa rigar sanyi, tun yana ƙarami ƙirjinsa ba ƙwari."

Na kunna wa Alhaji a kunne. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "Wasiƙu sun yi yawa a lokacin. A ba shi haƙuri." Na ɗauki wannan ma na tura.

Tun daga nan duk Juma'a Malam sai ya aiko saƙo zuwa ga mai gabatarwa. A gaya wa yaron nan an gyara rufin ɗaki. A gaya wa yaron nan ƙafar da sauƙi. In Alhaji ya samu bakin cewa wani abu, in tura, in bai samu ba, ni in amsa ta hannun Asiya.

Cikin Afrilu ciwon ya sake bugun Alhaji, kwana uku a asibiti ya cika. Mu muka yi masa wanka, ni da Issufu da limaminmu. Dakta ta ba ni wani ɗaki a ƙasan gidanta, ta kuma haɗa ni da wani gida da ke neman mai jinya. Ban gaya wa Malam ba. Juma'a biyar saƙonsa na zuwa ga mutumin da ke kabari, ni ina saurare. Tsoro nake ji kada in faɗa hanyar ta toshe. Dakta ce ta ji ina kunna na biyar, ta ce, "Malam Habibu, ka faɗa masa. Ba kyau."

Washegari da safe ina tsaye a tashar Largo na kira Asiya, na ce ta buɗe lasifika ta ajiye kusa da shi.

"Malam, ni ne. Alhaji Mudi Allah ya yi masa rasuwa. Yau sati biyar. Ni nake karɓar saƙonnin. Na kasa faɗa ne."

Jirgi ya zo, ƙofofi suka buɗe, suka rufe, ya tafi ya bar ni.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Malam. "Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta. Ai na yi zargin haka." Can sai ya ce, "Habibu."

"Na'am, Malam."

"Ƙarfe nawa yanzu a wurinku?"

"Bakwai na safe."

"Ka karya?"

"A'a."

"To je ka karya tukuna, sai ka kira ni."

Yanzu ina cikin shekara ta biyar a ƙasar nan. Wani lauya na gaskiya na bin maganar takarduna, ya ce sai haƙuri, ba ranar da zai iya yanke mini. Kusan kullum muna waya da Malam. Bai taɓa ɗauko zancen tafiyata ba, ni ma ban ɗauko ba. Ya daina gyaran keke, idonsa ba ya ganin ƙananan kusoshi. Shekaranjiya muna cikin zancen damina ya tambaye ni yaushe zan dawo. Na ce, "Wallahi ban sani ba, Malam."

Ya ce, "To. Ka dai yi ƙoƙari ka same ni."